Sarkin Kano Abbas Maje Nasarawa da Hakkin Wanda Aka Yi wa Rauni

  

A wannan mako filin namu zai waiwayi tarihin Sarkin Kano Muhammadu Abbas, wanda ya riƙe sarauta daga 1903 zuwa 1919. Yawancin mutane abu guda suka sani game da shi, watau shi ne sarkin da aka naɗa bayan Turawa sun ci Kano. Amma akwai wani gefe na rayuwarsa da ya kamata ɗalibin fiƙihu da manomi da direba duk su sani, shi ne yadda aka riƙe shari'ar jini da raunuka a majalisarsa, a lokacin da iko ya riga ya koma hannun waɗanda ba Musulmi ba. Wannan babi ne da muka yi sakaci da shi ƙwarai, alhali kuwa kullum sai an ji wa wani rauni a gona ko a kan hanya.

Abbas ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Sarki Ibrahim Dabo wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano a 1819. Mahaifinsa ya hau gadon sarauta a 1855, ya daɗe a kai, ya kuma bar 'ya'ya da yawa. Da ya rasu sai sarauta ta koma ga ƙanensa Muhammadu Bello. Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Abdullahi ba su yarda ba, suka fice daga birni suka nufi Takai a ƙarƙashin yayansu Yusufu. Wannan shi ne mafarin Yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu a Garko, jama'arsa suka yi wa ƙanensa Aliyu Babba mubaya'a, suka shiga Kano a 1894, Tukur kuwa ya rasa ransa a 1895. Abbas yana cikin Yusufawa, kuma a zamanin Alu ya riƙe sarautar Wambai. Ke nan tun kafin ya zama sarki ya ga abin da ke faruwa idan 'yan'uwa suka bar hukunci suka ɗauki takobi: garuruwa sun ƙone, gonaki sun zama kufai, an zubar da jinin da babu wanda ya biya diyyarsa.

A ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawa a ƙarƙashin Kanar Morland ta shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato da manyan hakimansa. A kan hanyar komowa Alu ya rabu da jama'a. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, ya yi shahada a Kwatarkwashi. Wambai Abbas kuwa ya ja ragowar jama'a, da mata da yara da raunana, ya komo da su gida. A watan Afrilu na shekarar Gwamna Lugga ya tabbatar da shi Sarkin Kano. Shi kuma Alu aka kama shi aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Malaman wancan zamani sun yi saɓani a kan wannan mas'ala, kuma saɓani ne na gaskiya. Waɗansu suka ga hijira ta wajaba, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a watan Yuli 1903. Waɗansu kuma, irin su Wazirin Sakkwato Buhari, suka ga cewa idan shugabanni duka suka tafi, talakawan da ba su da guzuri ko abin hawa za su zauna ba alƙali ba limami, hukuncin Allah ya ɓace daga ƙasa gaba ɗaya. Abbas yana cikin kashi na biyu. Ba mu isa mu raba gardama tsakanin waɗannan bayin Allah ba. Abin da za mu iya shi ne mu duba abin da wanda ya zauna ya yi da zamansa.

Shekarun farko sun yi masa tsanani. Razdan Kagil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya yanka ƙasar gunduma-gunduma, ya fitar da hakimai daga birni zuwa ƙasashensu, ya yi ta rage ikon fada, har a 1908 ya ɗora Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, a kan sarautar Waziri. Sai a 1909, zamanin Razdan Temple, aka warware wannan. Alƙalin Kano Malam Gidado ya zama Waziri, aka kuma tsayar da majalisar shari'a ta Sarki, inda Sarki da Waziri da malamai ke zama su saurari manyan ƙararraki. A zamaninsa ne kuma aka kafa baitulmali, aka yanka wa alƙalai albashi, aka ajiye alƙalai a gundumomi. Amfanin wannan ga talaka a bayyane yake: mutumin ƙauye ya sami alƙali kusa da shi, kuma abincin alƙalin bai rataya a kan abin da masu ƙara suka kawo ba.

Sai mu dubi irin ƙasar da waɗannan ƙararraki ke fitowa daga cikinta. Wanda ya san karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa ta Madaki, da Bichi, da Dambatta ta Sarkin Bai, ya san ƙasa ce mai cunkoson jama'a tun da daɗewa. Gona tana manne da gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin da jakuna ke ɗaukowa. Iyaka ba ta wuce layin gamba ko kututturen itace ba. Burtali ƙunci gare shi, dabba kuwa ba ta san shuka ba. Ɗorawa tana tsaye a gonar wani alhali wani ke da 'ya'yanta. Ga rijiya guda ga masu ɗiba da yawa. Kowa kuma da fartanya ko gatari ko sanda a hannunsa. A irin wannan wuri ƙaramar magana kan zama rotse kafin a ankara. Zamanin Abbas ya ƙara wa abin zafi, domin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, gona ta yi daraja, sa'an nan fari ya zo a 1913 ya haifar da yunwar da ake kira Kakalaba a 1914. Idan ciki ya ɗauri mutane, sata da faɗa su kan yawaita.

Alƙalan Kano ba da ka suke hukunci ba. Littattafansu su ne Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, da Tabsiratul Hukkam ta Ibn Farhun, ga kuma Liya'ul Hukkam wanda Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa a cikin birnin Kano wajen 1807 bisa roƙon mutanen garin. Tushen babin kuwa yana cikin Alƙur'ani, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i a kan diyyar kisan kuskure, da aya ta 45 ta Suratul Ma'ida a kan ƙisasin gaɓoɓi da raunuka, da kuma wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa.

Farkon aikin alƙali shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, gama ba lalle ne wanda ya fara zuwa ya zama mai da'awa ba. Mai da'awa shi ne wanda maganarsa ta saɓa wa asali ko al'ada, kuma a kansa nauyin kawo shaida yake. Dole da'awarsa ta zama bayyananna: wane ne ya ji masa rauni, a ina, da me, da gangan ko da kuskure. Sa'an nan a juya ga abokin shari'a. Idan ya amsa, magana ta ƙare. Idan ya musa, sai a nemi shaidu adilai, a kuma ba shi damar sukarsu. Ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta uba ga ɗansa, ko ta wanda zai ci amfanin hukuncin. Raunin kuskure, da yake ƙarshensa dukiya ce, yana tabbata da shaidu biyu maza, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Idan babu shaida sai wanda ake ƙara ya rantse ya kuɓuta. Idan ya noƙe, rantsuwa ta komo kan mai da'awa, ya rantse ya karɓi hakkinsa.

Akwai wata mas'ala da mazhabar Malik ta yi fice da ita, wadda ta dace da rayuwar ƙauye ƙwarai. Yara su kan tafi kiwo ko wasa inda babu babba ko ɗaya, wani ya fasa wa wani kai. Malikiyya sun yarda a karɓi shaidar yara a junansu a kan raunuka, da sharaɗin ba su watse ba, kuma wani babba bai shiga tsakaninsu ya cusa musu magana ba. Dalili kuwa, in ba a yi haka ba jinin yara zai tafi a banza. Kafin yanke hukunci kuma akwai i'izari, watau alƙali ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, ya ba shi wa'adi in ya nema. Hukuncin da aka yanke ba i'izari abin rushewa ne, kuma har yau kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci su kan soke hukunci saboda rashinsa.

To, idan rauni ya tabbata, me ake biya? Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma daga gare ta ake auna sauran. Hannu ɗaya rabin diyya ne, haka ƙafa ɗaya, haka ido ɗaya, sai dai idon mai ido ɗaya, shi cikakkiyar diyya ce a wurin Malikiyya. Gushewar hankali ko ji ko magana, kowanne cikakkiyar diyya ne. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5. Raunin kai ko fuska da ya bayyana ƙashi, wanda ake kira muliha, raƙuma 5 ne. Wanda ya farfasa ƙashi har ya gusa, watau munaƙƙila, raƙuma 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, watau ma'amuma, da wanda ya huda ya shiga ciki, watau ja'ifa, kowannensu sulusin diyya ne. Raunin da shari'a ba ta yanka masa adadi ba, idan ya warke ya bar aibi, sai masana su kimanta gwargwadon nakasar da ya jawo, wannan shi ake kira hukuma. Ibn Arafa, babban malamin Malikiyya na Tunis, ya kyautata ra'ayin cewa a irin wannan rauni wanda ya yi ɓarnar shi zai biya ladan mai magani da kuɗin magani.

Ba a yanka diyya sai rauni ya warke, domin a ga inda ya tsaya, kada a biya kuɗin yatsa daga baya hannu ya shanye. Abin da aka yi da kuskure, idan ya kai sulusin diyya ko ya fi, dangin mai laifi na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya, kuma a sassauta musu: sulusi cikin shekara ɗaya, cikakkiya cikin shekara uku. Abin da bai kai sulusi ba daga aljihun mai laifi zai fito. Wanda ya yi da gangan kuwa galibi dangi ba su ɗaukar masa. Mahayin dabba da mai kora ta da mai janta duk suna lamunin abin da ta taka. Ɓarnar da dabbobi suka yi wa shuka da dare tana kan masu su, gama da dare mai dabba ke da nauyin tsarewa, da rana kuwa mai gona. Idan rauni ya kai ga mutuwa, babu cikakkun shaidu amma akwai alama mai ƙarfi, kamar shaida ɗaya adili ko furucin mamacin kafin ya cika cewa wane ne ya kashe shi, sai a koma ga ƙasama, watau rantsuwa 50 da magada za su yi. Ƙasama a kan rai kaɗai take, ba a yin ta a kan rauni.

A nan ne matsayin Sarki Abbas ya zama mai wuya. Dokokin da Turawa suka kafa wa kotunan ƙasa sun hana duk hukuncin da ya ƙunshi yanke gaɓa, kuma ba a zartar da hukuncin kisa sai da amincewar Gwamna. Ke nan ƙofar ƙisasin gaɓoɓi ta rufe. Abin da ya rage wa wanda aka zalunta shi ne diyya da sulhu da horon da shugaba ya ga ya dace. Da majalisar Sarki da alƙalanta sun yi sakaci da wannan ragowar, da talaka ya tashi a tutar babu. Shaidar cewa ba su yi sakaci ba tana nan a rubuce. Kundin majalisar na shekarun 1913 da 1914 ya tsira, da Larabci, kowace shari'a a taƙaice: masu jayayya, da abin da aka yi da'awa, da abin da Sarki ya hukunta. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Allan Christelow, ya zaɓi waɗansu daga ciki ya fassara su da Ingilishi ya buga a 1994. A ciki akwai shari'o'in kisan kai, da sata, da jayayyar gonaki da gidaje, da 'yancin bayi, daga birni da karkara. A sha'anin jini majalisa ta bi ƙa'idojin Malikiyya na shaida da rantsuwa da diyya da afuwar magada. Inda kuwa dokar Turawa ce ta tilasta wani abu, kamar a sha'anin bayi, marubutan su kan kira shi hukuncin zamani. Wannan amana ce ta ilmi: ba su ɗauki umarnin Nasara sun sa masa rigar shari'a ba, sun bar na baya su san wanne ne wanne.

Sarki Abbas ya rasu a 1919 a gidan sarki na Nasarawa, shi ya sa ake ce masa Maje Nasarawa. Ɗan'uwansa Usman ya gaje shi har 1926, sa'an nan ɗansa Abdullahi Bayero ya hau ya yi shekara 27. Wani ɗan nasa, Muhammadu Inuwa, shi ma ya yi sarauta a 1963. Tsarin da aka tsayar a zamaninsa ya ci gaba, har aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. A 1960 aka shigo da kundin Final Kod ya maye gurbin hukuncin laifuffuka na Malikiyya a Jihar Arewa. Wajen 1968 aka rushe kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma hannun gwamnatin jiha. A 2000 kuma Jihar Kano ta komo da shari'ar Musulunci a fagen laifuffuka.

Abin tambaya a nan, ina mu ina wannan gado? A yau fartanya da sanda suna nan, ga kuma babur da mota da injin niƙa sun ƙaru a kansu. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi, ko ta Daura ta Dambatta, ya san abin da ake gani. Sau da yawa a kan kaɗe magidanci, ƙafa ta tafi, a zo asibiti da ɗan abin dubiya, dattawa su taru su ce ƙaddara ce, a yafe. Shi kuwa kunya ta hana shi magana, ya koma gida ya sayar da gonar gado ya biya magani, 'ya'yansa su bar makaranta. Ƙaddara gaskiya ce, afuwa kuma alheri ce mai girman lada. Amma Wanda Ya ƙaddara Shi ne Ya wajabta diyya, kuma a kan kuskure Ya wajabta ta. Afuwa ta mai hakki ce, ya yi ta da yardar ransa bayan ya san abin da yake yafewa. Ba ta halatta a matsa masa, kuma waliyyi ba shi da ikon yafe dukiyar maraya ko ta ƙaramin yaro a banza. Dinarin shari'a giram 4.25 ne na zinariya, cikakkiyar diyya ke nan giram 4,250, yatsa guda giram 425. Wanda ya san wannan lissafi zai san nauyin abin da ake roƙonsa ya bari, mai tuƙin ganganci kuma zai san nauyin abin da yake ɗauka.

Saboda haka muna jan hankalin 'yan'uwa da abubuwa kaɗan. Wanda aka ji wa rauni ya nemi shaidunsa tun abin yana ɗanye, ya adana takardun likita da na sayen magani, kada ya rattaba hannu a kan sulhu sai rauni ya warke an san iyakarsa, kada kuma ya yi jinkirin kai ƙara, gama dokokin ƙasa sun sa wa irin waɗannan ƙararraki wa'adi. Ya sani kuma doka ta tilasta wa kowane mai abin hawa inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Wanda ya ga abu da idonsa kada ya ɓoye shaida don gudun ɓacin ran maƙwabci, domin ɓoye ta zunubi ne. Dangi su tuna cewa taimakon ɗan'uwansu wajen biyan diyyar kuskure wajibi ne da shari'a ta ɗora musu. Dagatai da masu unguwanni da limamai masu yin sulhu su koyi wannan babi kafin su zauna raba gardama, don kada su zalunci mai rauni suna zaton gyara suke yi.

Sarki Abbas mutum ne, yana da nasa kurakurai, kuma ya yi mulki a ƙarƙashin ikon da ya fi ƙarfinsa. Duk da haka a zamaninsa an rubuta jinin talaka a littafi, an kira shaidu, an yanke hukunci. Mu da babu Razdan a kanmu, uzurinmu ya fi nasa ƙaranci.

Allah Ya jiƙan Sarki Abbas da Waziri Gidado da sauran alƙalai da malaman da suka riƙe amana a lokacin tsanani. Allah Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsayar da adalci, Ya kiyashe mu da ɗaukar hakkin wani zuwa kabari, amin.